Hannun da Ya Kai Kunne

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, da mai babban kai da mai ƙarami. Taubashina, ɗan kawuna, tsohon hedimasta, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Malali. Ko a nan ma bai saɓa jadawali ba. Sai da ya bari aka gama darasin lissafi a makarantarsa da ke bayan gida, aka buga ƙararrawar fita tara, sannan ya cika.

Kwana uku na yi a kan tabarmar makoki, kuma zan faɗi gaskiya tunda tsufa ya rage mini kunya: rabin abin da ke cina baƙin ciki ne, rabin kuwa kishi. Motoci daga Unguwar Rimi suka toshe layi har mai kayan miya ya ɗage teburinsa. Mutanen Rigasa suka yi ta sauka daga keke, an cuso su kamar buhuna. Wani mai furfura, da babbar riga wadda aikin wuyanta kaɗai zai ci wata guda, ya durƙusa gaban babban ɗan mamacin yana share hawaye, wai Malam ne ya riƙe masa hannu ya rubuta baƙin farko. Wata likita ta ce sau uku Malam ya taka har shagon mahaifinta don a bar ta ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Wata tsohuwar malama Kirista ta zo da ɗankwali har goshi, ta ce idan aka raba yara lokacin darasin addini, Malam kan bar mata ajin da ba ya yoyo, shi ya kwashi sauran zuwa gindin mangwaro.

Kowa da nasa labarin. Ni ina gefe, aikina "amin". Mai babbar rigar nan da zai tafi ya nuna ni da haɓa, ya tambayi babban ɗan, "Wannan dattijon fa?" Kafin yaron ya buɗe baki wani ya amsa, "Kafintan makaranta ne." Ya miƙo mini yatsu biyu ya wuce.

Kafintan makaranta. Ni da muka tashi a tabarma ɗaya, muka shiga aji rana ɗaya, kuma ni na riga shi cin jarrabawar farko a duniya. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya, kuma labarin tsayuwar na cikin abin da zan faɗa.

Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, don haka tsokana tsakaninmu gado ce, ba rashin ladabi ba. Ya girme ni da shekara uku. Ina kiransa Mai Kai, yana kirana Rifitin, wato mai maimaita aji. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In na shiga zaurensa sai ya ce, "Rifitin, bana aji nawa?" In ce, "Mai Kai, an samo hular da ta shiga, ko har yanzu ana saƙa?" Amma wata biyu kafin rasuwarsa, "Ina kwana" nake ce masa, ya ce, "Lafiya lau, ya iyali?" Duk wanda ya san taubasai ya san wannan ba gaisuwa ba ce, gaba ce. A haka ya tafi ya bar ni.

Bari in faro daga kunne.

A zamaninmu babu takardar haihuwa. Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai sai a jera yara a fili, malami ya ce kowa ya ɗora hannun dama ta saman kansa ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, ya isa makaranta. Wanda bai kai ba, sai baɗi. Shekara biyu a jere Kawu yana kai taubashina ana dawo masa da shi. Ba ƙuruciya ce ta hana shi ba, kai ne. Allah Ya yi masa kai kamar tulu, hannu ya tafi ya tafi, ya gaji a hanya. A shekara ta uku Kawu ya ce in raka su, don kawai Inna ta huta da ƙiriniyata. Ina gefe ina kallon yara suna miƙa, sai ni ma na ɗora nawa hannun don wasa. Ni kuwa kaina kamar lemun tsami, hannuna zaƙo-zaƙo. Na kamo kunnen har na murɗa shi.

"Wannan ya isa," in ji malamin, ya rubuta sunana. Shekarata biyar a lokacin, ko ma ba ta cika ba.

Shi kuwa ranar ma da ƙyar ya taɓo saman kunnen da ɗan yatsa, shi ma sai da Kawu ya ɗan danna masa kai gefe lokacin da malami ya juya. Muka dawo gida ana yi mini guɗa. Ranar ce ta farko kuma ta ƙarshe da na zo na ɗaya.

Ku duba zaluncin. Shi ɗan shekara takwas, ya san zama wuri ɗaya, ya san dama da hagu. Ni kuwa da an dawo daga tara sai barci. Idan malami ya buɗe rajista yana kiran suna, yara suna cewa "Firezan sa," ni a zatona waƙa ce, sai in amsa wa kowa. Sati guda ba a rubuta wa kowa fashi ba a ajinmu, har da wanda ke kwance da ƙyanda. Da aka gano, na sha bulala. Na ci alli. Na yi kuka in Inna ta wuce ta bakin makaranta. Ƙarshen shekara aka tara mu a fili, ana karanta sakamako daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Sunansa aka fara kira. Nawa kuwa sai da rana ta yi zafi.

Na maimaita aji ɗaya. Na lallaɓa na wuce aji biyu, na maimaita aji uku. Da na isa aji huɗu karatu ya juye Turanci gaba ɗaya, waɗanda suka shigo a bayana suna yi mini dariya, shi kuma yana can saman makaranta da bulalar monita a hannu. Wata safiya na ɗauki allona, maimakon in yi dama sai na yi hagu, na zauna a rumfar wani kafinta. Ban sake komawa ba. Sau biyu na yi rifitin. A riƙe wannan lissafin, zai yi amfani a gaba.

Shi ya gama aji bakwai, don a da bakwai ne kafin a mayar shida, ya tafi kwalejin horon malamai, ya koyar a Rigasa, ya yi hedimasta a makarantun gwamnati har ya yi ritaya. Mutum mai hankali in ya yi ritaya sai ya samu inuwa ya kishingiɗa. Shi sai ya tara mutanen unguwa suka gina azuzuwa a filin bayan gidansa. Kuma wa aka kira ya yi benci? Rifitin.

Ta benci na san makaranta, kuma na san ta fiye da wasu masu digiri. Bencin aji ɗaya gajere ne, don ƙafar yaro ta taɓa ƙasa. Ya ce yaron da ƙafarsa ke lilo, hankalinsa ma lilo yake. Na aji shida dogo ne, da wurin sa littafi a ƙasa. Ya kan zo rumfata ya karɓe awon hannuna ya auna da kansa, kamar ni ban san aikina ba.

"Mai Kai, ka taɓa riƙe zarto?"

"Kai ka taɓa gama aji huɗu?"

Sai mu yi dariya, in rage inci guda kamar yadda ya ce, don in an kai aji sai ka ga shi ke da gaskiya. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi.

Ƙarfe bakwai da rabi yana tsaye bakin ƙofa, hannu a baya. Ƙararrawarsa tsohon wilin mota ne rataye a mangwaro, kuma ba ya yarda kowa ya buga ta farko sai shi. Yara su jeru aji-aji, gajeru a gaba, a duba farce da haƙora da wuyan riga, a yi addu'a da taken ƙasa, a shiga aji da maci. Lissafi da safe yake sa shi, kullum. Ya ce ƙwaƙwalwa kamar koko ce, tana hucewa. Daga aji ɗaya zuwa uku malami ɗaya ne ke riƙe da aji tun safe har tashi, kuma da Hausa ake fara koya wa yaro karatu, Turanci yana biye a hankali. Iyaye masu son a ji ɗansu yana ƙwalla Turanci a gaban baƙi sun sha yi masa ƙorafi. Ya kan ce, "Bari ya fahimta tukuna, ya yi burga daga baya." Daga aji huɗu kowane darasi da malaminsa: mai kimiyya ya fita, mai zamantakewa ya shigo. Bayan tara, wadda har ya mutu ƙarfe goma ake fita amma ana ce mata tara, sai darussa marasa nauyi, zane da aikin hannu da motsa jiki. Ranar Juma'a a yi shara, a tashi da wuri.

Abu ɗaya ya hana a makarantarsa: karanta sakamako a fili daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Kowa a ba shi takardarsa a naɗe ya kai gida. Na ce masa, "To, yanzu da ba kai za a fara kira ba, ka soke abin." Ya yi murmushi kawai. Ni kuma na ɗauka na ci wannan zagayen.

Akwai wani aji a can ƙarshen baranda da ya fi ƙauna, ajin share fage, na yaran da ba su kai shekara shida ba. Babu jarrabawa a cikinsa, sai waƙa da ƙirga da tsakuwa da koyon riƙe fensir, da tabarma a kusurwa don mai jin barci. Kujerun ajin ya fi wahalar da ni a kansu. Sau uku ya dawo mini da su, wai gefen yana da kaifi. Kuma ba ya barin yaro ya tsallake wannan aji ya shiga aji ɗaya sai ya ga takardar haihuwa da idonsa, ko ɗan wane ne.

A nan rigimarmu ta taso.

Ina da jika mace, 'yar babban ɗana, tana ajin share fage. Yarinyar nan akwai kai. Tana ƙirga har ɗari, tana karanta rubutun jikin keke, ni kaina tana gyara mini baƙi. Jikansa namiji kuwa, wanda suke aji ɗaya da ita, ya gado kan kakansa amma ban ga ya gado abin da ke ciki ba tukuna. Da aka shiga zango na uku aka fara rubuta sunayen masu shiga aji ɗaya a sabuwar shekara, sai na ji jikansa na ciki, tawa babu. Shi ya cika shida, ita biyar da 'yan watanni.

Na same shi a ofis yana cika jadawali da jan biro.

"Mai Kai, me yarinyata ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ba ta kai ba ne."

"Ta fi naka karatu."

"Ta fi shi nesa."

"To?"

"To sai baɗi."

Na fita na kamo hannunta daga aji, na tsayar da ita gabansa. Na ce, "Ɗora hannunki ki kamo kunne." Ta ɗora, ta kamo, har da saura. Jinina ce. Na dube shi ina jiran ya ji kunya.

Fuskarsa ta canza irin yadda ban taɓa gani ba. Ya sauke mata hannun a hankali, ya ce ta koma aji. Sannan ya ce, "Kada ka sake sa yaro ya yi wannan a makarantar nan."

"Don kai ka faɗi sau biyu?"

"Rifitin ɗaya ya ishe mu a gidan nan."

Shekara sittin yana kirana da sunan nan ina dariya. Ranar ce kaɗai ya shige ni. Na ji kamar cewa yake daƙiƙanci a jininmu yake, ni da zuriyata, mu na benci ne, su na ofis. Na ce, "Na gode, Hedimasta." Ban taɓa kiransa haka ba. Washegari na hana yarinyar zuwa. Na ce wa ubanta in an dawo dogon hutu zan kai ta wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi, inda ko ɗan goye ka kai za su ɗinka masa yunifom su sa shi aji ɗaya. Ubanta bai so ba, amma ba ya musu da ni. Ta zauna a gida tana jin ƙararrawa daga nesa, tana tambayata, "Baba Tsoho, yau ma hutu ne?"

Sau biyu ya aiko a kira ni, na ce ina da aiki. Sai ga Talatar nan.

Bayan sadakar arba'in aka dawo hutu. Sabuwar shugabar makarantar, wadda tsohuwar ɗalibarsa ce, ta aiko wai ƙafar teburin ofis tana rawa. Ta san ni a matsayin kafinta kawai, kamar kowa. Na so in ƙi, amma teburin ni na yi shi, kuma ba na son a ce aikina yana rawa. Ranar kuwa ta ɗaukar sababbin ɗalibai ce. Ina ƙarƙashin tebur da guduma, wani uba ya shigo da ɗansa, yana ta faɗa a kan sai an sa shi aji ɗaya, wai yaron ya iya ƙirga da Turanci.

Shugabar ta ce, "Alhaji, zauna in ba ka labarin da Malam ke ba kowane sabon malami a ranarsa ta farko. Ni ma ya ba ni. Ya ce yana da wani ƙane da suka shiga makaranta tare. Ya ce yaron ya fi shi kai."

Na tsayar da guduma. A duniyar nan an taɓa jin wanda ya fi Mai Kai kai?

"Ya ce tun kafin su shiga, ƙanen ne ke warware masa wasa ƙwaƙwalwa, shi ke haɗa musu mota da kara mai ƙofa tana buɗewa. Amma aka ɗauke shi yana ɗan shekara biyar, don hannunsa ya kai kunne. Aka zaunar da shi a bencin da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, aka yi ta kiran sunansa a ƙarshe gaban kowa, har ya yarda shi daƙiƙi ne. Malam ya ce shi babban kansa ne ya cece shi, ya jinkirta shi har ya nuna. Ya ce da an bar ƙanen nan shekara ɗaya tak, da shi ne hedimasta. Saboda shi ya buɗe ajin share fage. Yaron nan, Alhaji, sau uku ya yi rifitin."

"Sau biyu ne," na ce daga ƙarƙashin tebur.

Na fito da rarrafe, gwiwa tana ƙara, ina kaɗe ƙura. Shugabar ta dube ni, ta dubi hannuwana, ta rufe baki da mayafi.

"Baba, kai ne?"

"Sau biyu ne, Malama. Aji ɗaya da aji uku. Ya ƙara ɗaya don labarin ya yi daɗi. Halinsa ne."

Na juya ga uban yaron na ce, "Alhaji, kai shi ƙarshen baranda. Kujerun ni na yi su, ba su da kaifi." Na tattara kayana na fita, ban gama gyaran teburin ba, don idona ya ƙi ganin ƙusa.

Kada wani ya zaci kishin ya tafi. Ƙaruwa ya yi. Shekara nawa mutumin nan yana yabona a gaban malamai, waɗanda suka zo jiya, bai taɓa faɗa mini kalma ɗaya ba. Ni sai "bana aji nawa". Da ya ce Rifitin ɗaya ya ishe mu, ashe ba raini ba ne, ciwo ne yake ɗauke da shi a madadina, ni kuma na ji abin a juye, kamar yadda na saba jin darasi. Ya aiko sau biyu, na ce ina da aiki. Ko a zumunci ma shi ya zo na ɗaya.

Washegari kafin bakwai da rabi na riƙo hannun jikata. Ta ce, "Baba Tsoho, aji ɗaya?" Na ce, "Sai baɗi." Ta ɗan turo baki, amma da ta hango tabarmar kusurwa da ƙawayenta sai ta saki hannuna ta ruga. Na tsaya a taga na duba. Ƙafarta tana taɓa ƙasa.

A makon nan babban ɗan Mai Kai ya kawo mini wani ƙunshi daga mahaifiyarsa, ya ce, "Baba, Hajiya ta ce a ba ka." Hularsa ce, wadda yake tsayuwa da ita bakin ƙofar makaranta. Na ce ya gaya wa Hajiya na gode, zan riƙa auna hatsi da ita. Da ya tafi na shiga rumfa na kifa ta a kaina. Ta zarce goshi ta sauka har kan kunnuwa.

Allah Ya jiƙan Mai Kai, Ya yafe masa sau ɗayan da ya ƙara mini, Ya yafe mini sau biyun da ban amsa kiransa ba. Ya yalwata masa kabari daidai kansa, Ya sa in an zo karanta sakamako a ba shi nasa a hannun dama.

Kafin in cire hular, na ɗaga hannun dama in kamo kunnen hagu, kamar yadda na yi ranar nan. Kafaɗa ta ƙi. Hannun ya tafi ya tafi, ya gaji a tsakiyar hula. Na ji kamar yana tsaye a bakin rumfa, hannu a baya, yana cewa, "Bai kai ba. Rifitin, sai baɗi."